Nazarin lamari: kwamfutar da ke mutuwa da rana tsaka a wani shago a Garwa

## Asalin lamarin

Shagon yana bakin wani titi mara kwalta a ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin Garwa, babban birnin yankin Arewa na Kamaru. Ɗaki ɗaya ne, faɗinsa mita 3, tsawonsa mita 4, rufin kwano ba silin, ƙofar ƙarfe tana kallon yamma. Ana buga takardu a ciki, ana fotokofi, ana ɗaukar hoton katin shaida, ana cike wa ɗalibai takardun jarrabawa. Amma aikin da ya fi kawo kuɗi shi ne haɗa bidiyon biki da na suna. Mai shagon dattijo ne ɗan kasuwa da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, ɗan ƙanwarsa ne ke kan aikin daga safe har dare. A dama da shagon akwai tela, a hagu akwai mai tuya ƙosai da dankali, kuma su biyun za su sake fitowa a cikin wannan labari.

Kwamfutar da ake magana a kai ta tebur ce, haɗin hannu, an saye ta ta hannu a 2021. Furosesan da ke ciki, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, Intel Core i7-4790 ne, wanda ya fito a 2014. Yana gudu a kan gigahaz 3.6, yana iya ƙarawa har zuwa 4.0 idan aiki ya yi nauyi kuma zafi bai hana ba. Zafin da aka ƙiyasta masa wat 84 ne, kuma duk daga wani ɗan gutsuren silikon yake fitowa wanda faɗinsa bai kai santimita murabba'i 2 ba. Hanyar fitar wannan zafi guda ɗaya ce: daga silikon zuwa murfin ƙarfen furosesa, daga murfin zuwa siririn man da ake shafawa, daga man zuwa radiyata mai fikafikan alminiyam, sannan fanka ta hura iska ta cikin fikafikan. Iyakar da aka sa masa digiri 100 ce a ma'aunin Salsiyus. Da ya kai nan, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone.

Radiyatar da ke kansa ita ce 'yar ƙaramar zagayayyiyar nan da ake sayar da irin wannan furosesa da ita, mai ƙafafun roba huɗu da ake dannawa cikin ramukan babban allo, wato farantin da sassan kwamfuta ke zaune a kai. A akwatin akwai fanka ɗaya a baya, babu ko ɗaya a gaba. Akwatin wuta, wato na'urar da ke karɓar wutar bango ta raba wa sassan ciki, yana sama ta baya, kamar yadda ake yi a tsofaffin akwatuna.

Garwa tana kwarin kogin Binuwai, kuma tana cikin garuruwan da suka fi zafi a Kamaru. A Maris da Afrilu zafin rana yakan kai digiri 40 ko ya wuce, a inuwa ma. Yawancin masu ƙera kwamfutocin ofis kuwa suna rubuta cewa a yi aiki da su a ɗakin da zafinsa ke tsakanin digiri 10 zuwa 35. Duk da haka wannan kwamfuta ta ratsa bazarar 2022 da ta 2023 ba tare da ta ba kowa ciwon kai ba.

## Nuwamba 2023 zuwa Fabrairu 2024: hunturu da kabad

Da iskar hunturu ta taso, ƙura ta dame shagon. Wannan farar ƙura mai laushi, da yawanta daga kwarin Bodele na arewacin Chadi iskar arewa maso gabas ke kwaso ta, kuma ba ta buƙatar a buɗe mata ƙofa. A kanta ga ta titi da babura ke tayarwa. A lokacin akwatin kwamfutar yana ƙasa, kan siminti, kusa da ƙofa.

A ƙarshen Nuwamba mai shagon ya sa kafinta ya yi ɗan kabad na katako a ƙarƙashin tebur, mai ƙofa da sakata, aka huda rami ɗaya a baya don wayoyi. Aka tura akwatin ciki, aka jingina kabad ɗin da bangon yamma. Tsakanin bayan akwatin da katako bai fi faɗin yatsu uku ba. Da dare kuma yaron shago kan lulluɓe akwatin da tsohon zane, wani lokacin ya manta bai cire shi da safe ba.

Disamba da Janairu sun wuce lafiya. Da safe har sai an sa rigar sanyi.

A tsakiyar Fabrairu aka fara jin ƙarar fanka tana tashi da rana, tun daga bakin ƙofa ana jin ta. Bidiyo mai tsawon awa ɗaya, da a da kwamfutar ke kammala fitar da shi cikin minti 40 ko kusa da haka, ya koma cin awa ɗaya da kwata. Buga takardu bai canza ba, don haka ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci.

## Maris 2024: abubuwan da aka gwada

A makon farko na Maris kwamfutar ta mutu ɗif da misalin ƙarfe 2 na rana, ana tsakiyar fitar da bidiyo. Babu saƙo, babu shuɗin allon nan da Windows ke nunawa idan ta sami matsala. Aka danna makunni ta ƙi tashi, sai bayan kamar minti 20.

Zargin farko ya faɗa kan wuta, kuma ba zargin banza ba ne. Mafi yawan wutar wannan yanki daga madatsar Lagdo take zuwa, mai ƙarfin megawat 72, kuma idan ruwa ya ja baya da rani abin da take bayarwa yakan ragu. Kowa a Garwa ya saba da ƙwan lantarki yana lumshewa. Aka sayi na'urar daidaita wuta. Kwana biyu bayan haka kwamfutar ta sake mutuwa, alhali injin fotokofi da ke kan layi ɗaya da ita ko gezau bai yi ba.

Sai wani abokin yaron ya ce birus ne. Aka kwashe fayiloli, aka goge komai, aka sake ɗora Windows da manhajar haɗa bidiyo. Wannan ya cinye yini guda cur, wasu hotunan abokan ciniki da aka manta ba a kwashe ba suka tafi. Kwamfutar ta ɗan ƙara saurin tashi da safe. Da rana kuwa tana nan yadda take.

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris, zafi na ƙara hawa. Yaron ya kalli bidiyoyi a waya ya fahimci cewa man furosesa yakan bushe. Ya sayi irin farin nan mai arha da ake sayarwa a ƙaramin sirinji, ya fito da akwatin, ya cire radiyata. Ƙafafun robar nan sai an murza kan kowacce kwata guda kafin a ja ta sama, shi kuwa bai san haka ba, ya ja da ƙarfi. Ya goge tsohon man da tsumma, ya matse kusan rabin sirinjin a kan murfin, ya share fikafikan fanka da ya iya gani, ya mayar da radiyatar ya danna ƙafafu. Ya taɓa ta, ya ji ba ta motsi sosai, ya rufe. Daga ranar, fanka ta daina jiran rana. Da an kunna take fara kuka.

Kawun ya tambaye shi abin da ya yi. Ya ce, "Kawu, man ne na canza, kowa haka yake yi." Dattijon ya ce, "To ai ga shi ta ƙara ciwo."

Mataki na gaba shi ne wanda kusan kowane shago a ƙasar zafi ya taɓa ɗauka. Aka buɗe ƙofar kabad, aka cire murfin gefe na akwatin, aka kafa fankar tsaye tana hura ciki. Wannan ya taimaka: mutuwar ta ragu daga kusan kullum zuwa sau biyu ko uku a mako. Sai dai fankar da ke ba yaron iska ce aka ba kwamfuta, ga shi yana azumi a ƙarƙashin kwano. Ya kuma gwada ajiye ƙullin ƙanƙara a kwano gaban fankar. A watan azumi ƙanƙara ba abin wasa ba ce a Garwa, ta shan ruwa ma sai an bi layi. Takan narke cikin rabin awa, kuma ranar da ruwan ya gangaro kusa da soket aka daina.

A ƙarshen wata aka ɗauki akwatin a babur zuwa wurin mai faci, ya hura masa iskar injin. Ƙura ta tashi har masu wucewa suna toshe hanci. Ba wanda ya riƙe fankokin, iska ta yi ta juya su da gudun da ba a yi su dominsa ba. An kuma ga ɗan feshin ruwa yana fita daga bakin tiyo, domin tankin irin wannan inji yakan tara ruwa a ƙasansa. An bar akwatin ya sha rana kafin a kunna. Ta yi kwana huɗu ba ta mutu ba. Bayan nan fankar baya ta fara gurnani, mutuwar kuma ta dawo.

## 13 ga Afrilu 2024: ranar awo

An yi Sallah ranar 10 ga Afrilu, bukukuwan bayan Sallah suka biyo, aiki ya taru. Bidiyon wani ɗaurin aure ya katse sau uku, mai shi ya karɓi katin ajiyarsa ya kai wani wuri. A nan ne mai shagon ya kira wani mai gyara da ke kula da kwamfutocin wasu makarantu a garin.

Mai gyaran ya ce ba zai zo da safe ba, sai ƙarfe 1 na rana, kuma a mayar da komai yadda yake a da: murfi a rufe, akwati cikin kabad, ƙofa a sakace. Ya zo da ƙaramin ma'aunin zafi na ɗaki mai waya, da filashi mai ɗauke da HWiNFO, manhajar kyauta da ke karanta ma'aunan da ke cikin furosesa. Bai taɓa sukudireba ba sai da ya cika shafi guda da lambobi.

Zafin ɗaki a tsayin tebur digiri 42. Cikin kabad, bayan awa ɗaya da kunnawa, digiri 52. Furosesa ba ya aikin komai, digiri 70. Da aka sa shi fitar da bidiyo, ya kai 100 cikin ƙasa da minti ɗaya, gudunsa ya faɗo daga 3.8 zuwa ƙasa da gigahaz 2, yana hawa yana sauka. Manhajar ta nuna alamar rage gudu saboda zafi a kan duka sassa huɗu na furosesan. Faifan ajiya yana digiri 56, dab da iyakar da ake ba irinsa.

Ya bayyana wa dattijon abin da lambobin ke nufi. Ya ce, "Alhaji, fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Iskar da ta samu ita take turawa. In iskar 52 ce, daga 52 za a fara lissafi." Abin da ya fi dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin iskar da ke shiga akwati da zafin furosesa, domin wannan tazara ita ke faɗin lafiyar radiyata ko da wane wata ake ciki.

Daga nan ya riƙa canza abu ɗaya, ya jira kwata, ya sake awo.

Da farko ya fito da akwatin daga kabad ya ɗora kan tebur, murfi a rufe. Zafin zaman banza ya sauko zuwa 61. A kan aiki kuwa ya sake kaiwa 100, sai dai ya ɗauki kamar minti biyu.

Na biyu, ya cire fanka daga kan radiyata, abin da ba a taɓa yi ba tun da aka sayi kwamfutar. A ƙarƙashinta, daidai saman fikafikan alminiyam, akwai wata fata mai launin toka da ta kai kaurin milimita 3. Ƙura ce da zaren yadi daga shagon tela, hayaƙin man tuya ya riƙe su, feshin ruwan mai faci kuma ya daskarar da su. Ya sa farce ya ɓare ta, ta taso a dunƙule da zanen fikafikan a jikinta. Ya share sauran da burushin fenti da 'yar bulowa, yana danne fankar da yatsa don kada ta juya. Zaman banza ya koma 56. A kan aiki, 100 har yanzu.

Wannan ne ya sa ya kwantar da akwatin ya cire ɗaya murfin don ya ga bayan babban allo. Ƙafafu uku sun fito ta ramukansu sun kama. Ta huɗun ba ta fito ba. Da ya ɗaga radiyatar, ga bakin ƙafar a karye, rabinsa ya lanƙwashe ƙarƙashin roba. Man da ke kan murfin ya ba da sauran labarin: a gefe ɗaya ya baje siriri har ƙarfe na leƙowa, a ɗaya gefen yana nan jibge da kauri, da shaidar cewa bai taɓa matsuwa ba. Radiyatar ta yi wata guda tana zaune a karkace, kamar tukunyar da dutse ɗaya na murhunta ya goce.

Dalilin da ya sa wannan 'yar tazara ke da illa yana cikin yadda abubuwa ke ɗaukar zafi. A ma'aunin da ake amfani da shi, jan ƙarfe yana wajen 400, alminiyam ya ɗan wuce 200, man furosesa na kasuwa yawanci bai kai 10 ba, iska kuwa 0.026 ce kawai. Ke nan aikin man shi ne ya kori iska daga ƙananan ramukan da ido ba ya gani tsakanin ƙarafa biyu. Idan ya yi kauri, shi kansa ya zama katanga.

A ranar mai gyaran ya ɗora wata tsohuwar radiyata irin wannan da ya zo da ita, mai ƙafafu lafiyayyu. Ya wanke murfin da sifirit na kantin magani har ya yi ƙyalli, ya ɗiga man kirki daidai ƙwayar wake a tsakiya, ya danna ƙafafu biyu masu fuskantar juna ta kusurwa, sannan sauran biyun, yana sauraron ƙarar kamawar kowacce. Zaman banza 51. A kan aiki 93, kuma alamar rage gudu ba ta bayyana ba sai jefi-jefi.

## 14 zuwa 27 ga Afrilu: gyaran dindindin

Digiri 93 aiki ne a bakin rami, saura 7 kawai. Mai gyaran ya ba da matakin wucin gadi: a saitin wutar Windows ya rage iyakar ƙarfin furosesa daga kashi 100 zuwa 99. Wannan ɗan canji yana hana furosesan ƙarin gudun nan na sama, ya tsaya a wajen 3.6. Ƙarin gudun yana tafiya da ƙarin bolta, shi ya sa yake haifar da zafi fiye da saurin da yake bayarwa. Zafin ya sauko zuwa 86, lokacin fitar da bidiyo ya ƙaru da 'yan mintuna kawai. Ya kuma ce manyan bidiyoyi a bar su sai bayan isha'i ko da asuba, lokacin da ɗakin ke komawa wajen 33.

Ya yi odar radiyata mai tsayi daga Yawunde, wadda ta iso ta motar haya bayan mako guda. Kafin ya yi odar ya auna faɗin akwatin da tef, domin irin waɗannan sukan kai santimita 15 ko fiye, kuma sau da yawa ana saye murfi ya ƙi rufuwa. Tana da fanka mai milimita 120 da bututun jan ƙarfe huɗu. Kowane bututu a toshe yake, an zuƙe iskar cikinsa an bar ɗan ruwa. Ruwan yana zama tururi a ƙarshen da ke kan furosesa, tururin ya hau zuwa fikafikai ya huce ya koma ruwa, ya dawo ta soson ƙarfe da ke jikin bututun ta ciki. Ba famfo, ba abin da ake ƙarawa. Abin da ya fi jan hankalin mai gyaran game da ita ma ba bututun ba ne, yadda ake ɗaure ta ne: da faranti a bayan babban allo da sukurori huɗu masu sifirin, waɗanda ke matse ta daidai ta kowane gefe.

Sauran aikin duk na hanyar iska ne. An canza fankar baya mai gurnani. An sa fankoki biyu a gaba suna shigo da iska, ɗaya a baya tana fitarwa, fankar radiyata tana tura tata iskar zuwa baya. Da yake abin da ke shiga ya fi abin da ke fita, iska tana tsiyaya waje ta ƙananan kafofin akwatin, ƙura ba ta samun shiga ta nan. A gaban fankokin an ɗaura ƙyallen raga mai laushi da za a iya cirewa a kakkaɓe. An tattara wayoyin ciki an ɗaure su gefe. An mayar da murfin gefe. Kabad ya koma wurin ajiye takardu, akwatin kuma ya hau wani kanta mai tsayin santimita 80 a bangon gabas, da tazarar taki ɗaya da rabi tsakaninsa da bango.

An sake awo ranar 24 ga Afrilu, ƙarfe 2 na rana, ɗaki na digiri 42. Zaman banza 48. A kan aiki, da cikakken gudu, 80. Da saitin kashi 99, 74. Faifan ajiya 46. Bidiyon awa ɗaya ya dawo minti 40 da 'yan kai.

## 28 ga Afrilu: ta sake mutuwa

Kwana huɗu bayan haka, da misalin ƙarfe 3, kwamfutar ta mutu ɗif kamar da. Yaron ya ce a lokacin lambar da ke kan allo 78 ce, domin mai gyaran ya koya masa barin manhajar awo a buɗe. Furosesan da ke digiri 78 ba shi da dalilin kashe kansa.

Mai gyaran ya dawo washegari. Ya kunna, ya sa aiki mai nauyi, ya kara bayan hannunsa a ragar akwatin wuta. Ba iska. Ƙarfen kuwa ba ya taɓuwa. Ya haska tocila ta ragar: fankar ciki takan yi yunƙuri, ta juya sau biyu, ta tsaya. Ƙura ta cika ta, kuma da alama juyin da ta sha a wurin mai faci ya ƙarasa ta. A irin wannan akwati, akwatin wuta yana shan iskarsa ne daga cikin kwamfutar, daga saman radiyata, wato iskar da ta riga ta yi zafi. Idan ya wuce abin da zai iya ɗauka sai ya yanke wuta gaba ɗaya, kuma ba ya yarda ya tashi sai ya huce. Wannan ya dace da minti 20 ɗin nan da ake jira tun Maris.

Yaron ya ce a buɗe a canza fankar. Mai gyaran ya hana shi taɓawa, domin a ciki akwai manyan kafasito da ke riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare waya daga bango. Ya kuma ce akwatin wutar da ya yi wata biyu yana dahuwa ba abin dogaro ba ne, ranar da zai tafi yana iya tafiya da babban allo. Aka saye sabo mai wat 450 daga kamfanin da aka sani, aka ɗora ranar 30 ga Afrilu.

## Mayu zuwa Disamba 2024

Daga 30 ga Afrilu kwamfutar ba ta sake mutuwa don kanta ba. A Mayu, lokacin rububin takardun jarrabawa, mafi girman abin da aka gani 81 ne. Da damina ta kankama a Yuli da Agusta, ɗaki na wajen 30, zafin aiki ya tsaya tsakanin 66 da 69, aka mayar da saitin kashi 100. Yaron yana rubuta lambobi biyu a bayan littafin ciniki duk ranar Juma'a: zafin ɗaki da zafin furosesa a kan aiki.

A Disamba tazarar da ta saba zama 38 ta kai 45 cikin makonni uku. Ragar gaba ce ta toshe. Da aka wanke ta tazarar ta dawo 39, daga nan aka mayar da kakkaɓe raga duk mako har hunturu ya wuce, share ciki kuma duk wata uku.

## Abin da lamarin ya nuna

Cuta biyu ce a jiki ɗaya, kuma aka yi wata biyu ana neman magani guda. Jinkirin aiki daga furosesa yake, wanda ke rage gudu don ya tsira. Mutuwar farat ɗaya, bisa dukkan alamu, daga akwatin wuta take tun farko. Furosesa na zamani yana iya kashe kwamfuta idan zafi ya wuce iyaka da nisa, amma kafin nan yakan daɗe yana jan ƙafa, kuma wannan bambanci da an lura da shi da ya taƙaita wahala.

A cikin sanadin, kabad ne ya fara. Shi ya ƙara digiri 10 a kan iskar da komai ke sha, daga furosesa har faifan ajiya har akwatin wuta, kuma ƙurar da aka yi shi dominta ta ci gaba da shiga ta ramin wayoyi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Fatar ƙurar da ke ƙarƙashin fanka ta shekaru ce, da ma tana jiran ranarta. Karyayyiyar ƙafa kuwa gyara ne ya kawo ta, kuma a ganina ita ce ta fi kowanne tsada, domin ta ɓoye a wurin da kowa ya ɗauka an riga an gama da shi.

Na'urar daidaita wuta ba asara ba ce a Garwa, amma ba ta da alaƙa da wannan ciwo. Goge Windows asara ce tsantsa. Fankar tsaye ta yi aiki ne saboda ta karya zafin kabad ta kuma kai wa akwatin wuta ɗan iska, sai dai tana zuba ƙura kai tsaye kan babban allo. Iskar mai faci da ta yi amfani da an riƙe fankoki kuma an fara zubar da ruwan tanki. Sabuwar radiyata da gyaran hanyar iska sun ba da digiri 13 a kan lafiyayyiyar tsohuwa, wanda a Ngaundere mai sanyin tudu ƙila ba a buƙace shi ba, amma a ɗaki mai digiri 42 shi ne bambanci tsakanin aiki da fargaba.

Abin da ya rage shi ne ɗakin kansa. Mai gyaran ya ba da shawarar silin da 'yar taga a saman bangon gabas don zafin kwano ya sami mafita, domin duk digirin da aka rage a ɗaki ana ganinsa kusan ɗaya bisa ɗaya a furosesa. Shagon na haya ne, kuma har ƙarshen 2024 mai shago da mai gida ba su daidaita kan wanda zai biya kafinta ba.